Wasiƙun Birazil da Na Karanta wa Kakanku

Wannan babin ne na fi daɗewa ina kewaya shi ban rubuta ba. Kun taso kuna jin ana cewa babanku ya taɓa gudu ya bar mu kusan shekara guda, ya bi wani makaɗi zuwa ƙasar waje. Wasu ma cewa suke mace ya bi. Shi bai taɓa kare kansa ba har Allah ya karɓi ransa, ni kuma na yi shiru saboda shirun ya fi mini sauƙi. Yanzu da na ga ƙarfina yana raguwa, gara ku ji daga bakina. Babanku bai gudu ba. Ni na ce ya tafi.

Kun san gidan kakanku Malam a Ƙofar Galadima, amma ba ku san shi lokacin da zauren ke cika da manyan mutane masu ɗaukar karatun littattafai tun da hantsi ba. Gida ne da ko rediyo sai lokacin labarai ake kunnawa. A shekarar da nake ba ku labari idon Malam ya soma rauni, kuma dama shi ba ya karanta boko. Ni ce ke koyarwa a firamaren 'yan mata, saboda haka duk takardar da ta shigo gidan, ko daga kotu ko daga dangi, ni ake kira. In durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa in karanta, shi kuma ya faɗi amsa in rubuta. Bai taɓa kirana da sunana Rakiya ba, sai dai ya ce 'yata. Surukai nawa ne a gidan, amma ni kaɗai yake kira haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin abin har cikin raina.

Babanku Haruna yana aiki a jami'a, a sashen da ake ɗaukar sauti. Sai da muka shekara huɗu da aure na san yana kaɗa kalangu. Wani tabo na gani a gefen ƙirjinsa na hagu, inda igiyoyin kalangu ke gogar mutum, na matsa masa da tambaya, ya faɗa mini. Tun yana yaro ya koya wajen makaɗan mahauta a kasuwa. Malam ya kama shi sau ɗaya, ya yi masa dukan da bai taɓa yi wa wani ɗa ba, ya ce ɗan gidan nan ba zai zama maroƙi ba. Daga ranar bai ƙara nuna wa kowa ba. Kalangunsa yana cikin kabad a ofis, sai an tashi aiki ya rufe ƙofa ya kaɗa shi kaɗai.

A farkon waccan shekarar aka kawo musu wani baƙo daga Birazil, aka haɗa shi da babanku don ya riƙa kai shi wurare yana ɗaukar masa kaɗe-kaɗen gargajiya. Dattijo ne baƙi kamar mu, siriri, da farin gashi da farar malafa. Sunansa Domingos. Da aka gane ma'anar sunan a yarensu ranar Lahadi ce, sai kowa ya koma kiransa Ɗanladi, shi ma ya karɓa da murna. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, rabin hirarsu da babanku da hannu ake yi, amma duk yamma babanku kan dawo mini da wani sabon yanki na tarihin mutumin.

An haife shi a wata unguwar talakawa da ke maƙale a jikin tsauni a birnin Riyo, inda gidaje na kwano ne da katako. Mahaifiyarsa wankau take yi wa masu hali. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya koma fentin gidaje. Kiɗan mutanensu ana kiransa samba, kuma kowace shekara akwai babban biki da unguwanni ke gasa, kowace ta fito da waƙarta, jama'a su cika titi suna rerawa. Shi Ɗanladi bai yi makaranta mai nisa ba. Da akwatin ashana yake tsara waƙa, yana ƙwanƙwasa shi da yatsu har kiɗan ya zauna, sannan ya ɗora baituka. Sau da dama waƙarsa ce unguwarsu ta ɗauka zuwa gasar. Amma lokacin ƙuruciya, da yunwa ta matsa, yakan sayar da waƙoƙinsa ga mawaƙan rediyo, su sa sunansu a kai. Ya ce akwai ranar da yana kan tsani yana fentin wani gida, ya ji waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa tana fitowa daga rediyon masu gidan, mai gabatarwa ya ambaci sunan wani mutum daban. Ya ce bai sauko ba, ya ci gaba da fentinsa yana bin waƙar a hankali. Sai da ya haura sittin aka buga faifai na farko da sunansa. Matarsa ba ta ga wannan ranar ba, kuma ba su da ɗa.

Abin da ya kawo shi ƙasarmu kakarsa ce. Ta sha gaya masa cewa kakanninta bayi ne da aka kwaso daga wata ƙasa inda ake rubutu a kan allo a wanke a sha. Da babanku ya ji haka sai ya kawo shi gaida Malam. Ranar kuwa Malam yana wanke rubutu don wani maƙwabci da ba shi da lafiya. Ina leƙe ta bayan asabari na ga dattijon ya tsaya cak, ya cire malafarsa, hawaye suna zuba bai ko share ba. Malam ya sa aka shimfiɗa masa buzu, ya ba shi goro.

"Mece ce sana'arsa?" in ji Malam.

"Fenti yake yi, Baba," in ji babanku.

Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma rabinta gaskiya ce.

Ɗanladi yana zaune a wani masauki a Wusasa. Wata Alhamis bayan an tashi makaranta babanku ya ɗauke ni a Vespa ya kai ni can, ya ce akwai abin da yake so in gani. Ƙarƙashin bishiyar mangwaro suka zauna. Ɗanladi ya ɗauko wata 'yar garaya mai tsarkiya huɗu, ya soma waƙa da wata murya a dishe, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na san ta baƙin ciki ce ko da yake kiɗan na rawa ne. Sai babanku ya saƙala kalangu a hammata. Shekara tara ina aure da mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A gida kullum kansa a sunkuye, magana ƙasa-ƙasa, yana tafiya kamar mai gudun taka wani. Ranar na ga ya miƙe, yana dariya da dukan haƙoransa, dattijon yana jefa masa kiɗa yana mayarwa. Tsoro ya kama ni, don na gane mutumin da nake zaune da shi rabinsa kawai na sani.

A hanyar dawowa, daidai gindin dutsen Kufena, ya tsayar da babur.

"Yana so in bi shi," ya ce. "Wata uku. Likita ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfi, yana so ya yi faifai ɗaya kafin ya kwanta, kuma yana son kalangu a ciki. Na ce masa ba zai yiwu ba."

"Me ya sa?"

"Kin san Baba."

Na yi kwana uku ina juya maganar. Ina da ku uku a lokacin, Maryam tana goye. Duk wata mace mai hankali cewa za ta yi zauna. Amma na tuna fuskar nan ta ƙarƙashin mangwaro, na ga idan bai je ba zai tsufa a gabana da kansa a sunkuye, kuma zan san ni ma ina cikin waɗanda suka danne shi. Ni na kawo dabarar. Na ce a gaya wa Malam ofis ne ya tura shi kwas na koyon sababbin injunan ɗaukar sauti. Ya nemi hutun wata uku ba albashi aka ba shi. Ranar tafiya Malam ya dafa kansa ya yi masa doguwar addu'a, ya ce Allah ya sa ilimin da zai samo ya amfani jama'a. Ina tsaye da Maryam a baya na ce amin, bakina kamar na tauna maɗaci.

Wasiƙa takan yi wata guda ko fiye a hanya. Ta farko da ta iso, Malam ya aika a kira ni. Na buɗe a gabansa, idona ya faɗa kan layin farko. Babanku ya manta, ko kuma murna ta sa bai yi tunani ba, ya rubuta komai yadda yake. Ya ce an kai shi wani babban fili inda makaɗa suka fi ƙarfin ƙirga, an tsayar da kowa don a ji kalangunsa. Sai na karanta cewa an kai su wani babban ɗaki cike da injuna, malamansu sun yaba da ƙoƙarinsa. Malam ya ce madalla. Ya tambaya ko ya sami alƙibla, wannan kam akwai a wasiƙar, na karanta masa da gaskiya ina jin kamar an ba ni ruwa.

Haka na koyi karatu iri biyu a lokaci guda, ido yana gaba yana tacewa, baki yana baya yana faɗin wani abu. Na rubuta wa babanku na ce ya riƙa aiko biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Malam, amma ban san inda wannan wasiƙar ta maƙale ba, bai taɓa samunta ba. Duk ranar da na ji an yi sallama an ce ga takarda daga gidan waya, sai in soma shirya ƙarya tun kafin a kira ni. Na rame har abokan aikina suka soma tambaya ko ciki ne. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya in rasa abin da nake rubutawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam ya ƙara sakin jiki da ni. Yakan ce in sake karanta masa wuri kaza, ni kuma dole in tuna ƙaryar da na yi a wurin kalma bayan kalma, domin mutum ne da ya haddace littattafai, ba ya mantuwa.

Wata uku suka cika bai dawo ba. Wasiƙa ta biyar ta zo da labarin cewa Ɗanladi ya faɗi ana tsakiyar aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Maƙwabta suna ƙoƙari amma kowa na fita nema da safe. Babanku ya ce shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke goya shi ya sauko da shi matakalar tsaunin nan idan za a je asibiti, kuma ba zai iya tsallake shi ya taho ba. Na karanta wa Malam cewa an ƙara musu wa'adin kwas saboda malaminsu ba shi da lafiya. Bayan wannan sai shiru. Sati ya bi sati, har sati goma, ko layi ɗaya babu. Ban san kowa a ƙasar ba, ban san wanda zan tambaya ba, kuma ba ni da wanda zan kai wa kuka, domin duk wanda na gaya wa tsorona sai na gaya masa dalilinsa.

Wata Asabar da hantsi Yaya Bashir, wan babanku, ya iso daga Kaduna. Ya haɗu da shugaban sashen su babanku a wurin ɗaurin aure, ya yi masa godiya kan kwas. Mutumin ya ce wane kwas, hutu Haruna ya ɗauka ya bi makaɗin nan, hutun ya ƙare tuntuni, har an cire sunansa daga aiki. Bayan azahar Malam ya aika in zo da duk wasiƙun. Na zo na durƙusa inda na saba. Ya karɓa ya miƙa wa Yaya Bashir.

"Karanta daga ta farko. Kada ka tsallake komai."

Ya karanta biyar ɗin duka ina durƙushe. Na ji filin makaɗa, na ji rawar titi, na ji yadda aka ɗaga babanku sama ana ihu. Malam bai motsa ba, carbinsa ma ya tsaya. Da aka zo ta biyar, wurin wanka da goyo, sai ya ɗaga hannu.

"Har wannan kika sauya?"

"Na sauya, Baba."

"Ko wannan, da yake aikin lada ne?"

Yaya Bashir ya soma faɗa, yana cewa Haruna ya zubar da mutuncin gidan, ni kuma a mayar da ni gidanmu har sai ya dawo. Na ce kada a ɗora wa Haruna, shi ya riga ya ƙi, ni na tura shi, ni na ƙirƙiro maganar kwas. Malam ya juyo gare ni.

"Haruna na san halinsa tun yana yaro," ya ce. "Na san bai daina ba, kunnena bai mutu ba, ina jin yatsunsa a kan akushi. Ke ce ban sani ba. Wata bakwai kina sa ina sa albarka a kan abin da babu shi."

Bai kore ni ba. Ya ce wa Yaya Bashir matar ɗansa ba za ta bar gidan ba alhali mijinta ba ya nan. Ya sa aka ci gaba da auna mana hatsi daga rumbunsa. Amma daga ranar, takarda in ta zo sai a kai wa wani maƙwabci ma'aikacin gidan waya ya karanta masa. Ya daina cewa 'yata. Idan zai ambace ni sai ya ce matar Haruna. Kullum da safe ina zuwa gaisuwa, yana amsawa da kyau, ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Kuma har lokacin ba labarin babanku. Na shiga tsoro biyu, na mijin da ban san ko yana raye ba, da na ranar da zai shigo zauren nan in yana raye.

Ya dawo a wata na goma sha ɗaya, da la'asar, ana yayyafi. Ya rame ya yi baƙi, jakarsa ɗaya, ba kalangu. Ashe ya rubuto sau uku, ba wadda ta iso. Na tare shi a soro na biyu na ce masa Malam ya san komai. Ya ajiye jakar ya wuce kai tsaye, ya zube a gaban mahaifinsa. Ina bayan ƙofa ina saurare.

"Mutumin ya rasu?" in ji Malam.

"Ya rasu, Baba."

"Kana wurin?"

"A hannuna ya cika."

"Ka bar salla?"

"Ko ɗaya ban bari ba."

"To, tashi ka je ka ci abinci."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan a kan maganar, har abada. Aiki dai ya tafi, bai dawo ba. Babanku ya buɗe shagon gyaran rediyo a Tudun Wada, shagon da kuka sani, da shi aka yi muku karatu da ƙyar da jiɓin goshi. Kalangunsa ya bar wa makaɗan unguwar Ɗanladi, bai kuma sake taɓa wani ba. Ya gaya mini an ƙarasa faifan kafin rasuwar, abokan Ɗanladi suka rera waƙoƙin, shi kuma Ɗanladin aka ɗauko shi a kujera yana buga akwatin ashana da hannun hagu. Sunan Ɗanladi ne a kan kowace waƙa. Ni kuwa na roƙi Malam gafara sau biyu. Na farko ya yi shiru. Na biyu ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma matar Haruna na ci gaba da zama a bakinsa.

Bayan shekara guda da wani abu faifan ya iso ta gidan waya. Babanku ya kira ni shago da rana, ya tura ƙofa rabi, ya ɗora shi a kan wani garmaho da aka kawo gyara. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A tsakiyar ta uku sai duk kayan kiɗan suka yi shiru, aka bar kalangu shi kaɗai. Ku 'yan yanzu ba lallai ku sani ba, kalangu magana yake yi, wanda ya taso a cikin birni yana jin abin da yake faɗa kamar da baki. Na ji shi sarai, sau uku: Malam na Ƙofar Galadima, ɗanka yana gaishe ka.

Sunan Malam a bakin kalangu, a faifan da zai zaga duniya.

"Ina so in kai masa ya ji," in ji babanku. "Sau ɗaya kawai."

"Don Allah kada ka yi," na ce. "Da ƙyar wutar nan ta lafa. In Yaya Bashir ya ji, mun shiga uku."

Ya cire faifan ya mayar cikin kwalinsa. Bai sake tada maganar ba. Malam ya rayu shekara huɗu bayan nan, kunnensa garau har ranar ƙarshe, kuma ban daina shirin cewa gobe zan ce wa babanku ya kai masa ba. Mai yiwuwa da ya yi fushi. Mai yiwuwa da cewa kawai zai yi a kashe. Ban sani ba, kuma ba wanda zai sani, domin na yanke hukunci a madadinsa karo na biyu, bayan na ga abin da na farkon ya jawo. Ƙaryar wasiƙu na nemi gafararta an yafe mini. Wannan kuwa ban sami wanda zan roƙa ba, su biyun duk sun tafi.

Faifan yana ƙasan akwatina na ƙarfe, naɗe cikin wani tsohon zane. Ku nemi garmaho, ku kira baffanku Bashir tun yana da sauran kunne, ku sa masa waƙa ta uku. Ni zan zauna a wurin.